Kaskon Turaren da Ya Zo daga Italiya

Ranar wata Talata da hantsi ina zaune ina tsince shinkafa, sai ga maƙwabciyata Hannatu ta faɗo gidana, ɗankwali a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na mijinta. Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta zube a tabarma ta ce, "Hajiya Kaltume, na shiga uku. Faith za ta zo."

Na ce, "To, 'yarki za ta zo gida shi ne shiga uku? Ni da na ga yadda kika shigo na ɗauka akuya ce ta sake cinye wa Baban Faith takardu."

Ta ce, "Juma'a za su sauka, ita da yaron da zai aure ta. Kuma ta ce ranar Asabar da safe so take ta zauna a kicin ta kalle ni ina dafa mata gahawa da hannuna."

Nan na ture faifan shinkafar gefe. Dariya ta taso min tun daga ciki, na danne ta da ƙyar, don na ga idon matar ya kawo ruwa. Sai na ba ku labarin daga tushe kafin ku gane abin da ya tayar mata da hankali.

Ni da Hannatu katanga ɗaya ce tsakaninmu a Unguwar Sarki nan Kaduna tun muna amare. Mijinta Malam Bulus mutumin Zonkwa ne, malamin makaranta, ya yi ritaya. Lokacin rikici da Kiristoci suka riƙa kwashe kaya suna ƙetare gada zuwa kudancin gari, su ko tsinke ba su ɗaga ba. Hannatu cewa ta yi in ta tashi wa zai riƙa gaya mata abin da ake ciki a gari? Faith kuwa a bayana ta yi rabin ƙuruciyarta, ni na yi mata kitson fari. Ta girma ta karanci aikin jinya, Allah ya buɗa mata ta samu aiki a wani asibiti a ƙasar Italiya.

Ba ta daɗe da tafiya ba, sai ga wata Sista ta cocinsu ta kawo saƙo a kwali. A lokacin Malam Bulus ya tafi gida haƙar citta, saboda haka ni aka kira buɗe kwali, kamar yadda aka saba. Muka ciro wani abu na dalma mai kusurwa takwas, ƙugunsa a tsuke kamar budurwa ta ci ɗamara, da baƙin mariƙi a gefe, da murfi. In ka murɗa shi sai ya rabu biyu. A cikin gindin akwai wani ɗan mazurari mai ƙananan huji kamar madambaci, a cikin na saman kuma wani ɗan bututu ne a tsaye. Sai wani ɗan mitsitsin kofi da ko jariri ba zai ƙoshi da shi ba, da wasu ƙunsuna biyu masu tauri kamar bulo, da rubutun da babu wanda ya iya karantawa.

Matan layi suka taru. Wata ta ce fitila ce. Wata ta ce abin tatsar lemo ne. Ni kuwa na jujjuya shi, na leƙa, na busa iska ta bututun, na ce, "Ku dai ba ku waye ba. Ga wurin garwashi mai huji, ga bututun hayaƙi, ga mariƙi don kada hannu ya ƙone. Kaskon turaren wuta ne irin na Turawa."

Kuma har yau ina kan bakana: duk wanda ya ƙera abin nan, ko da gahawa ya yi niyya, turare ya ƙera wa. A satin ake bikin autana Sharhabil da amaryarsa Yasmin. Muka sa garwashi a mazurarin, muka barbaɗa turare mai sandal da hawi, muka ɗora saman a sassauce don iska ta shiga. Jama'a, ku zo ku ga hayaƙi! Siriri, a miƙe, yana fita ta bututun nan kamar an ja zare. Ba toka a kafet, ba ƙona zani. Ni na riƙe shi a bayan amarya ranar kai ta, ina tafe ina rangaji. Dangin amarya suka bar kallon amarya suka koma kallon hannuna.

Bayan biki da 'yan kwanaki Faith ta kira uwarta ta wayar nan da ake ganin juna. Ina wurin, don ni ba a waya da ƙasar waje a layinmu ban zo gaisuwa ba. Yarinyar ta rame, ta naɗe wuya da wani ƙaton mayafi. Ta ce, "Mama, sanyi ake yi, kuma ban san kowa ba. Tsohuwar da nake haya a gidanta ce ta koya min dafa gahawa a butar nan, moka suke ce mata. In tana tafasa da safe sai in ji kamar akwai mutum a ɗakin. Shi ya sa na aiko miki da irinta. Kin gwada? Ta yi miki daɗi?"

Hannatu ta kalle ni. Na kalli silin. A lokacin butar tana Kinkinau, an ara za a turara ɗakin wata amarya.

Hannatu ta ce, "Ta yi daɗi sosai, 'yata."

"To Mama, mu riƙa sha tare duk Asabar da safe. Ke da kofinki, ni da nawa."

Shi ke nan fa. Shekara biyu da wani abu, duk Asabar Hannatu za ta zuba baƙin shayi a ɗan mitsitsin kofin nan, ta zauna gaban waya tana kurɓa tana lumshe ido, su yi ta hira. Faith ta murmure, ta yi ƙawaye, ta haɗu da Caleb, yaron da zai aure ta, amma Asabar ɗin nan ba ta taɓa fashi ba. Duk wanda zai zo gida sai ta ba shi bulon gahawa ya kawo, Hannatu ta jera su a saman kabet, ɗaya ma Malam Bulus ya mai da shi abin tare ƙofa. Shi da ya dawo daga ƙauye ya ji yadda aka yi, cewa ya yi ba ruwansa da shari'ar mata. Butar kuwa ta zama ta gari. Ta je Kinkinau, ta je Badarawa, har Rigachikun ta kwana. Amarya in ba a turara ta da kaskon Maman Faith ba, gani take ba a yi mata gata ba.

To yanzu ga Hannatu a tabarmata tana share ido da bakin zani. Ta ce, "Ba kunyar yaron nake ji ba, Hajiya. Tata nake ji. Ta ce min Asabar ɗin nan ce ta riƙe ta a ƙasar mutane. In ta gane shayi nake sha, za ta ce duk wasa nake mata da hankali."

Na ce, "Tashi. Mu da muka dafa abincin bikin mutum ɗari biyar, baƙin ruwa ne zai gagare mu? Ina butar?"

Tana gidan wata mai jego a bayan masallaci. Na je da kaina na karɓo ta, da ɗuminta ma.

Da yamma Yasmin ta dawo daga ofis, na tare ta tun a ƙofa na ce ta nemo mana a waya yadda ake aiki da abin nan. Ta nemo wani tsoho Bature mai gashin baki, yana magana da hannuwa kamar mai korar ƙudaje. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amma mun gani. Ana zuba ruwa a gindin, kada ya wuce wani ɗan maɓalli na tagulla da ke gefe. A sa mazurari, a cika shi da garin gahawa. A murɗa saman da kyau, a ɗora a wuta. Ruwan da kansa zai hau ta cikin garin ya fito ta bututu. Na ce, "Ashe ma dambu ne, sai dai shi ruwan ake ci."

Da farko sai da muka yi wanki. Cikin butar ya yi baƙi ƙirin, ƙaurin turare ya kama ko'ina. Muka sa toka, muka sa lemon tsami, muka sa omo da soson ƙarfe. Hannatu ta goga, na karɓa na goga, har sai da na ga haƙorin makkana a jikinta. Sannan muka farke bulo ɗaya. Yana shan iska sai ya saki jiki ya zama gari, wani ƙamshi ya tashi kamar an ƙona gyaɗa da gangan.

Wajen zubawa ne muka fara samun saɓani. Yasmin ta ce, "Umma, Baturen bai danna ba fa. Shafe bakin kawai ya yi."

Na ce, "Rowa ce irin tasu. Ni ban taɓa auna abu ban danna na yi masa tozo ba, ba kuma zan fara a gidan Hannatu ba."

Na danna da babban yatsa, na ƙara, na danna. Hannatu kuma ta buɗe gas har ƙarshe, irin wutar dafa ƙafar sa. Muka tsaya mu uku muna kallo. Butar ta fara huci. Can sai ta fara tsartuwa ta ƙugu, ta ko'ina, baƙin ruwa yana feshi kamar an taka tiyo. Daidai nan Malam Bulus ya leƙo kicin da farar rigarsa ta 'yan waƙar coci a hannu, ya zo tambayar inda aka ajiye dutsen guga. Rigar ta koma kamar zabuwa.

Ya dubi rigar, ya dubi matarsa, ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, tun da na ji muryarki na san bai kamata in shigo ba."

Yasmin ta kashe wuta ta sake kallon Baturen, sai ta gano matsalar. A ƙarƙashin saman butar akwai wata farar roba zagayayya da take toshe ƙugun. Tamu garwashi ya cinye ta tun bikin Yasmin, mun ma kankare ragowar da soso muna murna. Hannatu ta dafe kai ta ce shi ke nan, a ina za a samu robar Italiya a Kaduna kafin Juma'a? Malam Bulus yana tsaye yana goge rigarsa, sai ya ce, "Fara? Zagayayya?" Ya fita, ya dawo da tocilarsa. Ashe kwalin ya zo da ta canji, shi kuma ya tsince ta ya zura wa tocila don murfin batir ya daina faɗuwa. Na ce, "Malam, kai ma ashe da hannunka a shari'ar matan." Ya miƙa wa Yasmin robar ya fice.

Washegari muka sake. Wannan karon na haƙura na bar Hannatu ta zuba yadda Bature ya yi, ba dannawa, wuta kuma 'yar kaɗan, wadda ba ta leƙo gefen gindin ba. Muka bar murfin a buɗe muka sa ido. Shiru, shiru, har na fara cewa an yaudare mu. Sai ga shi ya ɓullo ta bututun da hayaƙi ya saba fita, baƙi, mai kauri, yana gangarowa a hankali kamar zuma. Hannatu ta riƙe hannuna. Da ya kusa cika sai butar ta fara gurgura kamar tsoho mai kurkure baki, Yasmin ta ce a sauke. Na rangaɗa guɗa, har mai kanti na waje ya aiko a tambaya ko haihuwa aka yi.

Muka ɗanɗana. Ɗaci kamar maɗaci, amma a bayan ɗacin akwai wani ƙamshi mai hawa kai, ya bi hanci ya zauna a maƙogwaro. Na ce, "Allahu akbar, ashe gahawa ƙamshin amarya gare ta. Shi ya sa Turawa ba sa rabuwa da ita."

Yasmin ta yatsina fuska ta ce, "Anya, Umma? Wadda muke sha a ofis ba haka take ba. Wannan kamar turare nake ji."

Na ce, "Taku ta gwangwani ce, ta talakawa. Wannan daga tushe ta zo. Kuma butar da muka wanke har na ga haƙorina, wane turare ya rage?"

Ta bar min maganar, yarinya mai tarbiyya. Ni da Hannatu kuwa ba mu taɓa shan wata gahawa ba, da me za mu gwada? Na juye sauran a babban kofin shayina, na zuba sukari cokali huɗu na shanye. Ranar na share tsakar gidana, na share na Hannatu, na wanke labulen da ba su yi datti ba, sannan na zaga layi gida-gida. Labaran da na yi wata ina adanawa duk a yinin na rabar da su. Jikina yana rawa, bakina ya ƙi tsayawa. Matar liman ta ce in zauna a yi min tofi.

Kafin Juma'a Hannatu ta ƙware. Tana zuba ruwa ba ta ko duba maɓallin, tana shafe garin da gefen yatsa kamar a Italiya aka yanke mata cibiya. Muka kwashe bulullukan da ke saman kabet muka kai ɗakina muka ɓoye a ƙarƙashin gado, muka bar guda ɗaya a buɗe don a ga ana sha.

Baƙi suka sauka Juma'a da la'asar. Faith ta yi kyau ta yi ƙiba, ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Caleb kuwa dogo ne, ɗan Kagoro, mai sanyin murya, a can yake aikin gyaran injinan asibiti. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na duba takalminsa, na duba agogonsa, na duba yadda yake satar kallon Faith, na ce a raina wannan ya yi.

Asabar da sassafe na soya ƙosai na ɗauka na shiga, wai na kawo wa baƙi. Kowa ya san ba ƙosai ya kawo ni ba. Na tarar Faith ta ja kujera ta zauna a bakin kicin, ta tallafe haɓa. Hannatu tana gaban gas, ta ɗaura sabon zani. Ta zuba ruwa, ta sa mazurari, ta cika, ta shafe, ta murɗa, ta rage wuta. Faith ta ce, "Kai, Mama, har kin fi ni iyawa. Kuma ji yadda take ƙyalli! Tawa duk ta yi baƙi a ciki, tsohuwar ta hana ni sa mata sabulu."

Hannatu ta ce, "Mu nan ba ma barin tukunya da datti."

Butar ta yi gurgurarta, aka sauke, aka kai falo a faranti. Malam Bulus yana kujerarsa da rediyo. Caleb ya ƙi hawa kujera a gaban surukai, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan kafet. Shi aka fara zuba wa, a ɗan mitsitsin kofin nan, don shi ne baƙo. Ya karɓa da hannu biyu. Ya kai baki.

Na ga maƙogwaronsa ya tsaya. Idonsa ya yi ja, ya kawo ruwa. Ya haɗiye kamar mai haɗiyar ƙwayar zazzaɓi ba ruwa, ya yi ɗan tari, wallahi daga inda nake na ji ƙamshin sandal ya fito daga bakinsa. Hannatu ta ce, "Yaya, ɗana?"

Ya ce, "Da daɗi, Mama. Da daɗi ƙwarai."

Na ce, "Ai kuwa sai a ƙara masa. Ba a shan abin suruka sau ɗaya." Na ɗauki butar da kaina na cika masa. Ya kalle ni kamar ragon da ya ga wuƙa, ya ce na gode Hajiya, ya shanye.

Sannan aka zuba wa Faith. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofin, ta sunkuyar da kai ta rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunta suka fara girgiza. Malam Bulus ya rage rediyo.

Hannatu ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ita. Ta ce, "Kada ki yi kuka, 'yata. Na san kin gane. Ban taɓa dafa ta ba sai satin nan. Shayi nake sha duk Asabar. Da saƙon ya zo ba mu san ko mene ne ba, muka sa turare a ciki. Da kika kira kuma na ga yadda kika rame, sai bakina ya kasa cewa a'a. Daga nan kuma na rasa ranar da zan faɗa."

Faith ta ɗago. Hawaye ne a fuskarta, amma na dariya. Ta yi ta yi ta yi magana ta kasa, sai da ta kwanta a jikin uwarta tana buga kafet. Da ta samu numfashi ta ce, "Mama, ai na sani! Tun tuni na sani!"

Ta jawo wayarta ta lalubo wani bidiyo ta miƙo mana. Bikin Sharhabil ne. Ga amarya a lulluɓe, ga mata suna guɗa, ga wata tsohuwa a baya cikin leshi ruwan goro tana juyi, ta ɗaga buta sama, hayaƙi yana tashi. Ni ce. Kuma ba don ni ce ba, rawar ta yi kyau.

Faith ta ce, "Sati biyu bayan mun fara shan namu Yaya Sharhabil ya turo min. Ranar na yi dariya har tsohuwar gidan ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ga ko lafiya. Tun da na je ƙasar ban yi dariya irin ta ranar ba. Na nuna mata, ta zauna a ƙasa ita ma. Kuma Mama, sau nawa ina hango zaren shayi yana lilo a gefen kofinki?"

Hannatu ta ce, "To me ya hana ki faɗa, 'yar nema? Kika bar ni ina lumshe ido a kan shayi kamar wata sakarya?"

"In na faɗa kunya za ki ji, ki fara ɓuya ranar Asabar. Ni kuma ba abin da ke cikin kofin ya dame ni ba. Ko ruwan famfo ne, in dai za ki zauna."

"Kuma bulullukan da kike ta aikowa?"

"Na ce ko wata rana za ki gaji ki gwada. Da na ce ki dafa min ma tsokana ce, na zaci za ki ce gas ya ƙare. Ban san za ku yi da gaske ba, har ku shayar da bawan Allah turaren amare."

Sai a lokacin muka tuna da Caleb. Yana zaune yana zufa, yana murmushin dole. Hannatu ta ce, "Wayyo ɗana! Ashe ba haka take ba? Me ya sa ka ce da daɗi?"

Ya ce, "Mama, ni aure na zo nema."

Malam Bulus ya kashe rediyonsa gaba ɗaya. Ya ce, "Yaron da ya shanye kofi biyu na abin da ya ɓata min riga bai ce uffan ba, ba sai na yi wani dogon bincike a kansa ba. Ka gaya wa manyanka su zo."

Na sake rangaɗa guɗa. Mai kanti wannan karon da kansa ya zo.

Faith ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar buta a kwali, irin waccan sak. Ta ce wannan ta gahawa ce, kuma duk wanda ya kusanto ta da garwashi ita da shi ne, tana faɗa tana kallona. Tsohuwar butar kuwa, Faith ta ce za ta tafi da ita, da kwalbar turare, don ɗakinta na can ba ya ƙamshin kowa. Na ce ba ta isa ba. Akwai biki a Kinkinau ƙarshen wata, na riga na yi alkawari, sannan ita kanta ba za ta shiga ɗakin Caleb ba sai na bi bayanta da kaskon nan kamar kowace 'yar layinmu. In an gama, ta saka a akwati. Hannatu ta ce ai butarta ce, ya kamata a tambaye ta. Muka ce ta yi shiru.

A sabuwar Hannatu ta sake dafawa, Faith tana gefenta, kafaɗa da kafaɗa. Uwa da 'ya suka zauna a kujera ɗaya, aka wanke ɗan kofin aka ba Hannatu. Ta kurɓa, ta ɓata fuska, ta ce, "Yesu! Wannan kike sha duk safiya?" Aka zuba mata madara da sukari har ta koma ruwan ƙasa, sannan ta ce to, yanzu an yi magana. Caleb ya riƙe nasa kofin da hannu biyu yana shaƙa kamar wanda ya dawo daga doguwar jinya.

Ni ma an zuba min. Na sha, ba laifi, amma gaskiya lami ce, ba ta kai tamu ƙamshi ba. Na faɗa musu, suka yi ta dariya, ban ga abin dariya ba.

Bulullukan da ke ƙarƙashin gadona dai Hannatu ta aiko a karɓa, na mayar da rabi. Duk Asabar yanzu in na ji gurgura ta bayan katanga sai in ɗauki babban kofina in zaga. Faith tana cikin waya, Hannatu tana ɗaga mata kofi ta leƙa ciki ta tabbatar babu zare. Yasmin ta roƙe ni in riƙa tsayawa a rabin kofi, wai matar liman ta kawo ƙara.